Yadda Ƙyauren Zauren Baba Ya Bar Gidanmu

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma ne, ranar Laraba, saura kwana goma sha bakwai a yi zaɓen kansiloli. Na san lokacin domin na duba agogon hannuna, kamar yadda nake yi duk sa'ad da wani ya katse mini aiki. Mu huɗu ne a tsakar gida. Ni ina wanke buroshin fenti da kananzir. Mahaifiyarku Hauwa'u tana tankaɗe a bakin ɗakinta. Kakarku Inna tana kan tabarma a gindin bango. Na huɗu shi ne ƙanena Sahabi, wanda ya fito daga bayan rumbu ɗauke da tsohon ƙyauren zauren mahaifinmu, ya jingina shi a gabana yana haki.

"Yaya, wanga ƙyaure shina da wani aiki?"

"Aikin mi? Shekara bakwai shina jingine tun da munka sa na ƙarfe."

"To ni zan ba shi aiki."

Inna ta ɗago kai ta ce, "Sahabi, ka bi shi a hankali. Babanku da hannunshi ya fafe shi, maɗaci na. Ka maido min abina inda ka ɗauke shi."

Ya ce zai maido. Bai maido ba, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da wannan babi zai gyara ke nan, domin labarin da kuka taso kuna ji a gidan nan ba daidai yake ba.

Kafin in ci gaba sai na jera muku abu uku. Na ɗaya, ni kafinta ne, na yi firamare na gama, ina rubuta boko a miƙe kuma ina alfahari da hakan. Sahabi bai yi boko ba sai abin da ya tsinta. Makarantar allo ya yi har ya zama mai karantarwa, kuma Allah ya ba shi hannu. In ya ja baƙi a allo, sai ka ji ba ka son a wanke. Na biyu, ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai dai "kai wanga" ko "babban". Na san al'ada ce, na san kunya ce, amma sunan Sahabi sau ashirin take kiransa kafin azahar, kuma kunnena yana ƙirgawa tun ina ƙarami. Na uku, a wannan shekarar ni da shi mutum ɗaya muke goyon baya, wato Alhaji Mode, wanda ya yi alkawarin kawo wa garinmu famfo. Ku riƙe wannan da kyau. Ba siyasa ta raba mu ba.

A ranar da Sahabi ya ɗauko ƙyauren, ni na riga na gama allona. Na yi shi bisa tsari. Na sayar da buhu ɗaya da rabi na gero. Na hau mashin na tafi Tambuwal na sayo katako mai kyau, da fenti shuɗi da fari, da ƙusa, da gwangwanin fanis na shafawa a sama don ruwa. Na je ofishin da ke ba da izinin kafa alluna, na zauna a benci tun safe har aka kira ni. Ma'aikacin ya yi mini bayani, na rubuta a bayan takardar siminti: dole a karɓi izini a biya kuɗinsa, ba a kafawa a makaranta ko asibiti ko ginin hukuma, ba a barin allon ɗan takara a wurin da za a jefa ƙuri'a. Na biya, aka ba ni takarda mai hatimi, na naɗe ta a leda. Na yanka haruffa a kwali, kowane na auna shi da rula. Kwana tara na yi. Na haƙa rami biyu a bakin hanya, daidai inda motocin Kebbe suke tsayawa, na kafa shi na daidaita da ma'aunin ruwa. An rubuta: ZAƁI ALHAJI MODE KANSILA. Babu harafin da ya fi wani tsawo.

Ba wanda ya tsaya. Na zauna a shagon mai faci kwana uku ina kallo. Masu jiran mota suka samu inuwa. Wani ya ɗaure akuyarsa a ƙafar hagu. Wani tsoho da ya sauko daga motar Fakku ya daɗe yana dubansa, har na fara murna, sai ya juyo ya tambaye ni ko sunan sabon asibiti ne.

Sahabi kuwa bai sayar da ko tiya ɗaya ba. Ya wanke ƙyauren, ya shafe shi da farar ƙasa kamar yadda ake yi wa allo, ya bar shi ya bushe. Ya dafa tawada da gawayi da ƙaro. Ya jiƙa karan dafi don ja. Ya fere kara mai kauri ya yi alƙalami. Yamma ɗaya da safiya ɗaya ya gama. Da ajami ya rubuta, layi huɗu, ya kewaye su da zayyana ja da baƙa: Rijiyarmu gaba ashirin da biyu ce. Uwayenmu sun gaji da ja. Mode ya ce zai kawo famfo. Mu gwada shi. Ya ɗauka ya rataye shi da igiya a tsamiyar da ke cikin filin firamare, daidai inda hanyar kasuwa ta haɗu da hanyar rijiya. Bai tambayi kowa ba. Na tabbata bai ma san ana tambaya ba.

Ranar kasuwa na je sayen ƙusa, ko da yake ina da ƙusa a gida. Tun daga nesa na ga mutane. Tsofaffin da ba su taɓa karanta takardar siyasa ba suna karantawa da ƙarfi, suna bin baƙi da yatsa a iska. Mata masu tulu a ka suna tsayawa a karanta musu, su yi guɗa su wuce. 'Yan kasuwar Sanyinna suna ɗaukar hotonsa da waya. Na tsaya a baya na auna shi da ido. Layi na uku ya karkata. Igiyar dama ta fi ta hagu tsawo. Na gaya wa wanda ke kusa da ni, ya dube ni kamar na yi magana a cikin salla.

Garba mahauci yana wurin. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ɗan ɗaya ɓangaren ne a siyasa. Mutum ne mai baki, ba a zama kusa da shi ba a yi dariya ba. Ya ɗaga murya ya ce:

"Malam Sahabi, rubutu ya yi kyau, ɗan takara ne bai yi ba! Ka rubuta muna namu a bayan ƙyauren, in ba ka hanta kullum. In ka ƙi, wallahi sai na sa an sauke shi!"

Kowa ya yi dariya, har Sahabi. Ni ma na ji, kuma na ajiye maganar a raina. A lokacin ban san don me na ajiye ta ba, ko kuma na sani na ƙi dubawa.

Da la'asar Alhaji Mode ya shigo gari. Motarsa ta wuce ta gaban allona ba ta rage gudu ba. Ina tsaye a wurin, na ga ƙeyarsa. A tsamiya ya sa aka tsaya. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire hular kansa ya ɗora wa Sahabi a gaban jama'a. Na kutsa na miƙa masa hannu, ina shirin in ce akwai wani allon a tasha, da takardarsa. Ya riƙe hannuna ya ce:

"A'a, kafinta! Ashe kai ne yayan Malam Sahabi? Kun yi sa'ar ƙane."

Shekara arba'in da shida ina duniya, ranar aka fara gane ni ta hanyar ƙanena. Da na koma gida na tarar da Inna ta ɗora hular a cinyarta tana shafawa, maƙwabta mata sun cika tsakar gida, tana cewa Sahabi tun yana rarrafe yake zane a ƙasa. Ba wanda ya tambayi buhun gerona.

Washegari da hantsi Sahabi ya same ni a rumfar aiki.

"Yaya, hadari ya fara taruwa gabas. Tawada ba ta jimirin ruwa, ka sani. In akwai ragowar abin nan da kaka shafa wa katako, ka ɗan ba ni."

"Ya ƙare."

"Ko kaɗan?"

"Na ce ya ƙare. Kuɗi aka saye shi, ba a dafa shi da gawayi."

Ya yi murmushi ya ce to, Allah ya sa ruwan ya jira zaɓe. Gwangwanin yana ƙarƙashin teburina, fiye da rabi. Mahaifiyarku ta gan shi da ta zo share rumfa. Ta dai ɗaga shi ta jijjiga a gabana ta mayar.

Ranar Litinin bayan sallar asuba na zauna na rubuta takarda. Na ja layi da rula. Na ɗaya, an rataye allon ɗan takara ba tare da izini ba. Na biyu, an rataye shi a cikin filin makaranta. Na uku, filin nan ne wurin jefa ƙuri'a. Kowace lamba na ja mata layi a ƙasa. Ban sa suna ba, na rubuta "Mai son bin doka". Na kai ta da kaina na jefa a akwatin ƙofar ofis, na dawo kafin a buɗe kasuwa. Ina so ku lura: babu ƙarya ko ɗaya a cikin takardar. Wannan ne ya sa na daɗe ina gaya wa kaina ban yi laifi ba. Na biya, shi bai biya ba. Na zauna a benci, shi bai zauna ba. Amma da doka ce ta dame ni, da baki zan gaya masa a tsakar gida, ya matsar da ƙyauren zuwa bakin kasuwa, in raka shi mu karɓo izini. Tafiyar minti biyar ce da magana ɗaya. Ban so a matsar da shi ba. So nake a sauke shi, mutane suna kallo.

Ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma ma'aikata biyu suka zo. Ba su yi wa kowa rashin mutunci ba. Suka nuna wa Sahabi abin da doka ta ce, suka kwance igiya, suka sa ƙyauren a bayan mota, suka ce ya biyo su. Aka ci shi tara. Ya sayar da ragon da yake kiwo don layya ya biya. Aka ce ƙyauren zai zauna a wurinsu sai bayan zaɓe, sannan a zo da takarda a karɓa cikin wata ɗaya. Ina tsaye a bakin rumfata na ga motar ta wuce, jan zayyanar yana leƙowa. Zan gaya muku gaskiya tunda don ita na zauna rubutu: daɗi na ji. Har na ci tuwo malmala biyu a ranar.

Ranar Juma'a da la'asar, kwana ɗaya kafin zaɓe, ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, har ya kwashe zanan bayan gida. Na tsaya a zaure ina kallo, sai lissafin ya zo mini. Tawada ce da farar ƙasa, kuma ni na hana fanis. Da na yi haƙurin kwana huɗu, da ruwa ya wanke rubutun tas, ya bar ƙyaure fari a tsamiya, Sahabi ya ɗauko abinsa ya mayar bayan rumbu, ragonsa yana turke. Ni kafinta ne, na fi kowa sanin haka. Hassada ba ta bar ni na yi wannan ɗan lissafin ba sai da aikin ya gama lalacewa.

Gari kuwa, da aka ji takarda aka kai ofis, ya riga ya yanke hukunci. Kowa ya tuna abin da Garba ya faɗa ranar kasuwa. Inna ce ta fara furtawa a tsakar gida.

"Mahaucin nan na. Da bakinshi ya faɗa, kowa ya ji."

Sahabi ya ce, "Inna, ba Garba ba na. Wasa shikai."

"To wa?"

Ya yi shiru. Ni ne na cike shirun. Na ce, "In ba shi ba, wa?" Kalma biyar. Su ne mafi munin abin da na ƙera a rayuwata, sun fi takardar muni.

Garba ya zo har ƙofar gida ya yi sallama sau uku, Inna ta hana a amsa. Ya tsaya a waje yana cewa, "Inna, ni da nika cin tuwonki tun ina yaro? Ko sunana ban iya rubutawa ba!" Aka ce ai ana rubuta wa mutum. Da Sallah ya aiko da cinya guda, tunda ya san babu rago a ɗakin Sahabi, Inna ta sa aka mayar. Alhaji Mode ya ci zaɓe, mutanensa suka daina sayen nama a teburin Garba, masu biki suka daina kiransa fiɗa. Kafin shekara biyu ya kwashe iyalinsa ya koma Tambuwal. Ku kuma kuka taso kuna kiran gidan da ya bari "gidan mai kai ƙara", ina ji, ban taɓa tsawata muku ba, ni da nake tsawata muku a kan takalmin da aka ajiye a karkace.

Ƙyauren ba a karɓo shi ba. Sahabi ya ce ba zai sake taka ofishin ba. Ni nake da mashin, ni na san benci da takarda, amma tsoro nake kada wani ya gane rubutuna in na sa hannu. Wata ya wuce, wa'adi ya ƙare. Har Inna ta rasu, in ta bi ta bayan rumbu sai ta tsaya ta dubi gurbin da ya bari a bango. Allona kuwa ya yi shekara uku a tasha, fentinsa bai ko dushe ba, ana ɗaure masa awaki.

Mahaifiyarku sau ɗaya ta yi magana, tana miƙo mini ruwan alwala.

"Malam, gwangwanin nan ya bushe a ƙarƙashin tebur. In zubar, ko akwai wanda kaka ajiye wa?"

Na ce ta zubar. Ta ce, "To. Shi dai ana iya zubarwa." Ba ta ƙara ba har ta koma ga Allah.

Sahabi ya koma Kebbe da karantarwa. Bai sake rubuta wani abu don a rataye a waje ba. Muna zumunci, muna gaisawa, bai taɓa canza mini fuska ba. Bara waccan da ciwonsa ya yi tsanani na je duba shi. Ƙarfe goma na safe ne, mu biyu kaɗai a ɗaki. Na fara jera masa yadda zai sha magani: na ɗaya kafin abinci, na biyu bayan azahar. Sai ya fara dariya har tari ya kama shi.

"Yaya, har yanzu ba ka bari ba? Na ɗaya, na biyu, na uku."

"Tsari ke nan."

"Na sani. Ranar da sunka kai ni ofis, takardar tana bisa tebur. Boko ban iya shi sosai ba, amma na iya lamba. Ɗaya, biyu, uku, kowace da layinta a ƙasa, an ja da rula. Duk ƙasar nan mutum guda na sani da ka ja wa lamba layi."

Na ajiye maganin. Na ce, "Shekara goma sha tara ka sani?"

"Tun kafin in sai da ragon."

"Mi ya hana ka faɗa?"

"Inna na da rai. Ɗiya biyu gare ta, in na faɗa saura guda. Kuma ka san wani abu? Da kai ta fi ji. In ka yi tafiya ba ta cin abinci sai ta ji ƙarar mashin ɗinka. Sunan ne kawai ba ta iya faɗi." Ya huta, sannan ya ce, "Nawa na yafe tun tuni, rago ne da katako. Amma na Garba ba nawa ba na, ban iya yafe shi. Na yi ta cewa ba shi ba na, ba a ji ba. Kai za a ji."

Ya kamata in ce na fito ina kuka. Ban yi ba. Na fito daga ɗakin ina jin abin nan da na ji a gindin tsamiya, shi ɗin dai, bai tsufa ba. Ya fi ni hannu, na haƙura da wannan. Ashe ya fi ni ciki ma, ya riƙe abu shekara goma sha tara yana ba ni hannu da fara'a, ni kuwa hula ɗaya ban iya jurewa kwana uku ba. A motar dawowa na gane cewa haƙurinsa ma hassadarsa nake yi. Bayan kwana goma sha biyu ya rasu. Na ce zan je wurin Garba bayan sadakar uku, sannan na ce bayan arba'in, sannan bayan kaka. Yau shekara biyu.

Garba yana nan da rai a Tambuwal, a gidan babban ɗansa. An ce idonsa ya yi rauni, amma bakin yana nan. Ni kuma gwiwata ba ta hawa mashin yanzu.

Kun san ni da jera abubuwa, amma roƙona ɗaya ne, ba shi da na biyu. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan karanta wannan, ku samo mota ku kai ni wurinsa. Ku zo dukkanku, da 'ya'yan Sahabi, domin duk kun kira gidan Garba da sunan nan. Kada ku karɓi uzurina in na ce gwiwa, ko ruwa, ko mako mai zuwa. Zan faɗa, na san kaina. In mun isa bakina ya ƙi buɗewa, babbanku ya buɗe wannan littafin ya karanta masa da ƙarfi, tun daga ƙarfe biyar saura kwata, kada ya tsallake layi ko ɗaya.